Yadda ƙaramin kasuwanci zai nemo tallafin kuɗi da bayanan da za su tsaya masa

Tallafi kuɗi ne da ba za a ce ka mayar ba, shi ya sa kowa ke rububinsa. Amma duk mai bayar da shi, gwamnati ce ko gidauniya ko babban kamfani, yana da abin da yake so ya gani a ƙasa: ayyukan yi ga matasa, mata masu sana'a, sabuwar fasaha, raguwar shara, wutar lantarki a inda babu. Da kuɗinsa yake sayen wannan sakamakon, kasuwancinka kuwa hanya ce. Wanda ya rubuta takardar nema yana kukan rashin jari yakan sha ƙasa, wanda ya nuna da hujja cewa zai kai mai tallafi inda yake son zuwa shi ake kira. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan aka gina su.

Mataki na farko: san irin kuɗin da ake tallatawa

Talla da yawa suna cewa tallafi alhali rance ne mai sauƙin sharuɗɗa, ko kuma zuba jari ne da za a karɓi wani kaso na kamfaninka. Ko a cikin tallafin gaskiya ma akwai bambanci mai girma. Wani ana ba ka kuɗin a dunƙule. Wani kashi-kashi ne, ba za a saki na biyu ba sai ka kawo rahoton na farko. Wani kai za ka fara kashe naka, ka kawo rasit, sannan a mayar maka bayan makonni ko watanni. Wannan shi ya fi durƙusar da ƙananan kamfanoni, domin mutum ya ci tallafi amma ba shi da abin da zai fara aikin da shi. Akwai kuma na haɗin gwiwa, inda mai tallafi zai ɗauki wani kaso kai ka kawo sauran. Shirin EIC Accelerator na Tarayyar Turai, alal misali, yana ba da tallafi har Yuro miliyan 2.5, amma kashi 70 cikin 100 na kuɗin aikin yake ɗauka, sauran 30 ɗin na wuyan kamfani ne. Sannan akwai tallafin da ba kuɗi ba ne: horo, na'ura, wurin aiki, ko damar amfani da ɗakin gwaji.

Kafin ka buɗe kowane shafi, rubuta a layi biyu abin da za ka yi da kuɗin, nawa ne, kuma cikin wata nawa. Idan amsar ita ce biyan tsohon bashi, ko hayar da ta taru, ko ƙaro hajar da ka saba sayarwa, to tallafi ba zai yi maka ba. Shirye-shirye da yawa sun haramta waɗannan. Hukumar ƙananan kasuwanci ta Amurka, SBA, ta faɗa ƙarara cewa ba ta ba da tallafi don buɗe kasuwanci ko faɗaɗa shi.

Mataki na biyu: haɗa takardunka tun ba a buɗe fom ba

Yawancin shirye-shirye makonni kaɗan suke bayarwa, wasu takardun kuwa samunsu ya fi haka daɗewa. Tanadi takardar rajistar kasuwanci, lambar haraji da shaidar biyansa, asusun banki da sunan kasuwancin, bayanan shige da ficen kuɗi na wata 6 zuwa 12, lissafin riba da asara na shekarar da ta wuce, katin shaida na masu kamfanin, lasisin sana'ar idan tana buƙata, da taƙaitaccen tarihin aikin kowane mutum mai muhimmanci a cikinku. Ɗauki hoton kowace takarda a fili, ka mayar da ita PDF, ka sa mata suna mai ma'ana.

Abu ɗaya da ke kayar da mutane a shiru shi ne saɓanin suna. Idan rajista ta rubuta sunan kamfani da wani salo, banki da wani, fom kuma da na uku, mai tantancewa zai ajiye takardar ba tare da ya tambaye ka ba. Haka nan haɗa kuɗin gida da na kasuwanci a asusu ɗaya: ba wanda zai iya gane cinikinka a ciki.

Manyan masu tallafi suna da tasu rajistar daban. Mai neman kuɗin gwamnatin tarayyar Amurka ta Grants.gov sai ya yi rajista a SAM.gov ya samu lambar shaidar kamfani mai suna UEI, wadda ta maye gurbin lambar DUNS a watan Afrilun 2022. Kyauta ce, kuma duk shekara ake sabunta rajistar. Na Tarayyar Turai kuma sai da lambar PIC mai alƙaluma 9. Ba a barin irin wannan sai makon ƙarshe.

Mataki na uku: inda ake dubawa

Fara da na kusa. Ma'aikatar ciniki ko hukumar ƙananan masana'antu ta ƙasarka, bankin raya ƙasa, cibiyar 'yan kasuwa, ƙungiyar masu sana'arka, da cibiyoyin renon sababbin kamfanoni da ke jami'o'i. Kuɗinsu bai kai na ƙasashen waje ba, amma masu nema sun fi ƙaranci, kuma ƙaramin tallafin da ka gama lafiya shi ne shaidar da babba zai nema. Ofisoshin jakadanci da yawa su ma suna da ƙananan asusu, sai dai galibi ƙungiyoyin al'umma suke ba wa.

Daga nan sai gidauniyoyi da gasanni. Gidauniyar Tony Elumelu ta fara shirinta na 'yan kasuwa a 2015, tana ba da horo da jarin farawa na dala 5,000 ga masu sababbin kasuwanci daga ƙasashen Afirka 54, kuma ta saba buɗe shafin nema ranar 1 ga Janairu. Gasar Africa's Business Heroes ta Gidauniyar Jack Ma, wadda aka fara a 2019, tana raba dala miliyan 1.5 tsakanin mutum 10 da suka kai ƙarshe, amma kasuwancin da ya riga ya kafu yana ciniki take nema. Cartier Women's Initiative, tun 2006, na kamfanonin da mata ke jagoranta ne. Asusun AECF da aka kafa a 2008 ya fi karkata ga noma da makamashi mai tsafta, kuma yakan so kamfani ya kawo nasa kason. Shirin SBIR na Amurka, wanda doka ta kafa a 1982, na bincike da ƙirƙira ne zalla, ga kamfanonin ƙasar masu ma'aikatan da ba su wuce 500 ba. Sharuɗɗan dukansu suna canjawa daga shekara zuwa shekara, don haka abin dogaro shi ne takardar wannan zagayen a shafin mai shirin kansa.

Akwai wata hanya da mutane kaɗan ke bi, kuma a ganinmu ta fi bin tallace-tallace amfani: duba inda kuɗin ya tafi a baya. Gidauniyoyi masu zaman kansu na Amurka dole ne su cike fom 990-PF duk shekara, inda suke jera waɗanda suka ba kuɗi da adadin. Ana karanta shi kyauta a Nonprofit Explorer na ProPublica ko a shafin Candid. A Birtaniya akwai GrantNav na 360Giving. Shafin d-portal kuma yana nuna ayyukan da masu ba da agaji na duniya ke gudanarwa a kowace ƙasa, da sunayen ƙungiyoyin da ke aiwatarwa. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, domin manyan masu kuɗi ba safai suke ba ƙaramin ɗan kasuwa kai tsaye ba. Suna ba wata ƙungiya ko banki ne, su kuma su raba. Sunan mai rabawar kake nema.

Mataki na huɗu: tace kafin ka rubuta

Buɗe jadawali a Excel ko a littafi, ka yi gurbin sunan shiri, wa'adi, mafi ƙaranci da mafi yawan abin da suke bayarwa, wanda ya cancanta, abin da aka hana saya, yadda ake biya, da kason da za ka kawo. Karanta sashen cancanta kafin komai. Ƙasa, shekarun mai nema, shekarun kamfani, yawan ma'aikata, nau'in rajista, ɓangaren sana'a: idan ka faɗi a guda ɗaya, wuce. Ba a lallashin wannan matakin, sau da yawa ma kwamfuta ce ke tacewa.

Sai ka duba waɗanda suka ci a zagaye biyu da suka wuce. Idan dukansu kamfanonin manhaja ne masu ma'aikata 30 kai kuma ku huɗu ne kuna ƙera kaya da hannu, ka samu amsa. Nema uku da aka yi da kyau sun fi ashirin da aka kwafa daga juna.

Mataki na biyar: tara hujja

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mafi yawan takardu suke da rauni. Mai duba takarda ya gaji da karanta "akwai buƙata sosai" da "kasuwar tana da girma". Yana so ya ga nawa, a ina, wa ya faɗa, a wace shekara.

Don girman kasuwa da yanayin jama'a, fara da hukumar ƙididdiga ta ƙasarka da babban bankinta, sannan rumbun alƙaluman Bankin Duniya, wanda kyauta ne. Bankin yana da wani bincike mai suna Enterprise Surveys da ke tambayar kamfanoni kai tsaye abin da ke damunsu, kamar wuta, rance da haraji. Yana da amfani wajen nuna cewa matsalar da kake magana a kai ba taka ce kai kaɗai ba. Masu harkar noma suna da FAOSTAT, rumbun alƙaluman Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya.

Don cinikin ƙetare, nemo lambar HS ta kayanka tukuna, wato lambar da kwastam ke gane kowane irin kaya da ita. Tsari ne na Hukumar Kwastam ta Duniya, alƙaluma 6 na farko ɗaya suke a ko'ina. A ce kamfaninka yana tara robobin da aka zubar yana niƙa su: tarkacen roba yana ƙarƙashin 3915. Sa lambar a shafin Trade Map na Cibiyar Ciniki ta Ƙasa da Ƙasa (ITC) da ke Janiba, za ka ga ƙasashen da ke saye, tan nawa, da yadda cinikin ya hau ko ya sauka cikin shekaru. Market Access Map na cibiyar kuma zai nuna maka harajin shiga da ƙa'idojin kowace ƙasa. A kula: waɗannan alƙaluman abin da ya bi ta kwastam suke nunawa, cinikin da ba a rubuta ba ba ya ciki, saboda haka a wasu kayayyakin ainihin kasuwar ta fi abin da ka gani.

Don fasaha, Google Scholar zai kai ka ga binciken masana, DOAJ ya tara mujallun da ake karantawa kyauta, AJOL kuma na mujallun Afirka ne. Idan ka ci karo da maƙalar da sai an biya, rubuta wa marubucin imel. Da yawa suna turowa da farin ciki. Kada ka raina rumbunan haƙƙin ƙirƙira, wato Espacenet mai takardu sama da miliyan 100 da PATENTSCOPE na WIPO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da haƙƙin ƙirƙira. Amfaninsu biyu ne. Za su hana ka cewa kai ne na farko a abin da wani ya yi wa rajista shekaru 15 da suka wuce, abin da ke zubar da mutunci a gaban alƙalan da suka san fannin. Kuma da yake haƙƙin yakan ƙare bayan shekara 20, sannan a ƙasashen da aka yi masa rajista kaɗai yake aiki, akwai zane-zanen na'urori birjik da doka ba ta hana ka koyi da su ba. WIPO tana da cibiyoyin TISC a jami'o'i da ofisoshin ƙasashe da dama da ke taimaka wa mutum ya yi wannan binciken. Ma'aikacin laburaren jami'a ma yakan san rumbunan da makarantar ta biya wa kuɗi, kuma malamin da ke bincike a fanninka zai iya zama abokin nema. Wasu tallafin ma ba a bayarwa sai da jami'a a ciki.

Duk da haka, hujjar da ta fi nauyi ita ce wadda ka tara da kanka. Littafin cinikinka na wata 12. Yawan masu sayen da suka dawo. Hira da mutum 20 zuwa 30 daga cikin waɗanda kake son sayar wa, da tambayoyi iri ɗaya, kana rubuta amsa a take. Kada ka tambaye su ko za su saya, kunya za ta sa kowa ya ce e. Tambaye su me suke amfani da shi yanzu, nawa suke kashewa, yaushe suka saya na ƙarshe. Wasiƙar niyyar saye daga kamfani biyu ko uku, mai sa hannu da hatimi, ta fi shafi goma na bayani. Kowane adadi ka ɗauko, rubuta tushensa da shekararsa a gefe nan take, don daga baya ba za ka tuna ba. Kuma kada ka ƙara gishiri: ramin ƙarya ƙurarre ne, masu tantancewa kuwa sukan kira kwastomomi, sukan zo su ga wurin aiki.

Mataki na shida: rubutun

Nemo ma'aunin da za a ba da maki da shi, yawanci yana ƙarshen takardar sharuɗɗa. Idan tasiri yana da maki 30, ƙwarewar ma'aikata 20, kasafi 15, to haka za ka raba ƙarfinka. Amsa tambayoyin a jerin da aka yi su, da kalmomin da mai shirin ya yi amfani da su. Idan yana magana da muradun ci gaba 17 na Majalisar Ɗinkin Duniya, zaɓi ɗaya ko biyu da suka dace da kai da gaske, kamar na 8 kan aikin yi ko na 12 kan rage ɓarna, kada ka jera bakwai.

Bambanta aiki da sakamako. Sayen injin niƙa aiki ne. Sakamako shi ne abin da ya canja saboda injin. Ga yadda mai kamfanin robar nan zai iya faɗa, a matsayin misali: "Yanzu muna niƙa tan 2 a wata da hayar inji. Da namu injin za mu kai tan 5 kafin wata na tara, mu ɗauki ma'aikata 4 na dindindin, mu riƙa saye daga masu tara roba 40 maimakon 15. Za a tabbatar da wannan daga littafin awo da takardar albashi." A jimloli uku ya faɗi inda yake, inda za shi, yaushe, da yadda za a auna. Yi alkawarin abin da za ka iya cikawa ko da abubuwa sun ɗan karkace, domin wannan adadin zai shiga yarjejeniya.

Faɗi haɗarin da ke tattare da aikin da bakinka, tare da abin da ka tanada: injin ya makara a hanya, babban mai saye ya janye, wuta ta yi ƙaranci. Sannan amsa tambayar da kowane mai tallafi ke yi a zuciyarsa, wato me zai faru ranar da kuɗinsa ya ƙare. Amsar ita ce lissafin da ke nuna watan da ciniki zai ɗauki nauyin kansa. Taƙaitaccen bayanin farko kuwa a ƙarshe ake rubuta shi, tunda shi za a fara karantawa, wani lokaci ma shi kaɗai.

Idan ka nemi taimakon wani marubuci ko manhajar ƙirƙirarriyar basira, bi kowane layi da kanka. Ranar ganawa kai za a tambaya, kuma nan take ake gane wanda bai san abin da ke cikin takardarsa ba.

Mataki na bakwai: kasafin kuɗi

Alƙalai da yawa daga nan suke farawa. Kowane layi ya zama adadi sau farashin guda, da takardar farashi daga masu sayarwa biyu ko uku ga duk wani babban kaya. Kada wani abu ya bayyana a kasafi wanda ba a ambata a bayani ba, haka ma akasin haka. Abubuwan da aka fi mantawa su ne kuɗin dako, kwastam, girka inji, horar da mai sarrafa shi, kayan gyara, inshora, cajin banki, da kuɗin mai binciken asusu idan an shar'anta. Idan da kuɗin wata ƙasa za a biya ka, rubuta farashin canjin da ka yi amfani da shi da ranarsa, ka kuma tambaya wa zai ɗauki asarar idan ya sauya.

Kuɗin gudanarwa, irin su haya da wuta da lissafi, kowane mai tallafi da iyakarsa. Horizon Europe, shirin tallafin bincike na Tarayyar Turai, yana ba da kashi 25 cikin 100 a dunƙule, dokokin tallafin gwamnatin Amurka sun ɗaga kason da ake ba wanda bai daidaita nasa kason da gwamnati ba daga 10 zuwa 15 a watan Oktoban 2024, wasu gidauniyoyin kuma ba sa biya ko kaɗan. Idan ana son kasonka, tambaya ko za a lissafa lokacin ma'aikata da kayan aikin da kake da su, ko sai tsabar kuɗi.

Mataki na takwas: miƙawa, da kuma 'yan damfara

Miƙa kwana biyu kafin wa'adi. Shafuka sukan cushe a ranar ƙarshe, kuma agogon ƙasar mai shirin ake bi. Duba iyakar kalmomi da girman fayil, ba wani wanda bai san sana'arka ba ya karanta, ka ajiye kwafin komai da saƙon da ya tabbatar an karɓa.

Tallafin gaskiya ba ya neman kuɗin fom, kuɗin sakin kuɗi, lambar sirrin katinka ko lambar da banki ke turowa ta waya. Ba ya zuwa wa wanda bai nema ba. 'Yan damfara suna kwaikwayon sunaye da tambarin sanannun gidauniyoyi a Facebook da WhatsApp, don haka kada ka bi mahaɗin da aka turo. Rubuta adireshin hukumar da hannunka ka duba ko sanarwar tana can. Dillalin da ya ce yana da hanya a ciki, ko ya ba da tabbacin za ka ci, ka rabu da shi.

Bayan amsa ta zo

Idan ba a dace ba, rubuta gajeren saƙo na ladabi ka nemi makin da ka samu ko ra'ayin alƙalai. Gyara abin da suka nuna, ka sa ranar zagaye na gaba a jadawalinka. Binciken da ka yi yana nan, sabunta alƙaluma kawai zai buƙata.

Idan an dace, karanta yarjejeniyar layi-layi kafin sa hannu, don kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Duba ranakun rahoto, wanda zai mallaki kayan da aka saya, wanda ke da haƙƙin abin da aka ƙirƙira, da sharuɗɗan da za su sa a ce ka mayar da kuɗi. Tambayi akanta ko tallafin yana cikin abin da ake biya wa haraji a ƙasarka, domin a wurare da yawa haka ne. Ware masa asusu ko aƙalla littafinsa daban, ka ɗauki hoton kowane rasit ranar da aka ba ka shi tunda tawadar wasu tana gogewa cikin watanni. Kada ka kashe ko kwabo kafin ranar da yarjejeniya ta fara aiki, ba za a lissafa shi ba. Idan kuma buƙata ta sa za ka ɗauke kuɗi daga wani layi zuwa wani, nemi izini a rubuce tukuna, ka ajiye amsar tare da rasit ɗin har tsawon shekarun da yarjejeniyar ta ce a adana takardu.